Amsa: Ta yaya ɗakin wasa ɗaya ke ɗaukar wasanni da yawa?

Malam, ka tambaya ta yaya jami'a za ta gina ɗakin wasa guda ɗaya amma a yi ƙwallon kwando, a yi ƙwallon raga, har a yi bikin yaye ɗalibai a ciki, to ai sirrin a daɓen yake. Galibi ana auna shi da girman filin ƙwallon hannu, mita 40 tsawo 20 faɗi, ka ga na kwando 28 da 15 ne, na raga kuma 18 da 9, duk sun shige har da ragowar wuri. Shi ya sa in ka shiga za ka ga layuka kala-kala a ƙasa, kowane wasa da kalarsa, sabon shiga sai ya rikice wallahi.

Daɓen kuma ba siminti ba ne tsurarsa, katako ne ko roba da aka ɗora kan abu mai ɗan laushi don kada gwiwar 'yan wasa ta lalace in sun diro. Ranar taro ko jarrabawa sai an shimfiɗa abu a kai kafin a jera kujeru, in ba haka ba ƙafar kujera da takalma masu tsini su kankare shi, gyaran kuma ba arha ba.

Rufin dai dole ya yi sama, aƙalla mita 7. Ni inda na fi ganin ana sakaci wajen iska ne, a tara dubban mutane ba isassun tagogi ba na'urar sanyaya wuri, gumi kawai ake ta sharcewa.