Amsa: Kujerar motar yaro a cikin jirgi

'Yar'uwa, kin tambaya ko za ki iya ɗaukar kujerar motar ɗanki mai shekara biyu da rabi ku shiga jirgi daga Legas zuwa Kano. Za ki iya, kuma in ni ce, da kujerar zan tafi. Tunda ya wuce shekara 2, dole ki saya masa wurin zama nasa, to gara ya zauna a abin da ya saba. Bel ɗin jirgi na ƙugu ne kawai, yaro mai ƙiriniya zai zame ta ƙasansa. Kuma in jirgi ya shiga gargadar iska lokacin damina, hannun uwa ba ya riƙe yaro, komai ƙarfinta.

Amma fa ki juya kujerar ki duba lakabin da ke jikinta, ki ga an rubuta an amince da ita a jirgin sama. Wadda ake ɗora yaro kawai ba ta da nata maɗauri, ba a yarda da ita. Faɗinta kada ya wuce kamar santimita 40. Za su sa ki kusa da taga, ba layin ƙofar gaggawa ba.

Ki kira kamfanin jirgin tun kafin ranar. Bara a filin jirgin Legas da ke Ikeja sai da aka karɓe tamu a bakin jirgi aka jefa cikin kaya, don ban sanar ba, 'yata ta yi ta kuka har muka sauka. Ki fito da wuri daga Agege, kin san cunkoso, ki tafi da wani ya taya ki ɗauka.