Wane launi zan mayar wa Marsandin Baba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Daga Marwa nake rubutowa. Mahaifinmu ya rasu ya bar Marsandi 280 SL ƙirar 1978, mai ƙofa biyu wadda ake cire rufinta. Ta daɗe a rumfa. Injin ya tashi, saura jiki. Yanzu fara ce, amma Inna ta ce ja ce sanda Baba ya kawo ta daga Duwala. Yayana yana son baƙi, mai fenti kuma ya ce a sake fesa fari kowa ya huta. Ni asalin launinta nake so. Ta yaya zan gane shi, kuma ya kai a sha wahalarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa.

Ya kai, ɗan'uwa. Amma ku dakata da gardama a tsakar gida tukuna, domin amsar tana jikin motar, a rubuce ma. Ɗaga kafo, wato bonet, ka duba ƙarfen da ya gitta a gaba, wanda yake riƙe da lagireto. Akwai ƙaramin faranti na ƙarfe da aka buga wa lambobi. Sau da yawa fenti da dattin mai sun rufe shi. Kada ka kai masa sukuddireba ko sampefa. Goge shi da tsumma da ɗan kananzir, ka ɗora farar takarda, ka bi ta da fensir a kwance, lambobin za su fito. Kana neman lamba mai alƙaluma uku. A tsarin Marsandi na wancan zamani 040 baƙi ne, 050 fari, 568 ja mai haske da suke kira Signalrot, 735 ruwan azurfa, 904 shuɗi mai duhu. Idan ka ga harafin G ko H a gefen lambar, kamfanin da ya yi fentin ne, Glasurit ko Herberts. Kuma kada ka ruɗe in ka tarar da lamba biyu: ɗaya ta jiki ce, ɗaya ta rufin ƙarfen da ake saukewa, don akwai waɗanda suka yi odar rufin da launi dabam.

Sai dai faranti ma yakan yi ƙarya. Mota mai shekara sama da 45 ƙila ta taɓa dukan wani abu da gaba, toliye, wato mai gyaran jikin mota, ya yanko ƙarfen wata daga wurin 'yan gwangwan ya liƙa da farantinsa. Saboda haka duba lambar shasi. Ta 280 SL tana farawa da 107.042. Da wannan lamba da kofen kart giriz, wato takardar rajistar mota, za ka iya neman katin bayanin motar daga sashen tsofaffin motoci na Mercedes-Benz a Jamus. Katin yana ɗauke da launin jiki da na kujeru, yadda ta fito daga masana'anta.

Shaida ta gaba ita na fi yarda da ita, don ido ke gani. Mai fentin da ya fesa mata fari, in dai irin aikin gaggawa ne, ya manna takardu a gilasai ne ya fesa abin da ake gani kawai. Bai ɗaga kafet ba. Ɗaga shi. Cire kwalin ƙofa ka leƙa ciki, ka duba ƙarƙashin robar but da cikin akwatin da ake naɗe rufin tanti. Nan rana ba ta taɓa shiga ba. Daga nan ka zaɓi wuri a gindin ƙofa, faɗin kwabo, ka riƙa gogawa a hankali da sampefa mai laushi da ruwa, tsakiya ta fi zurfi. Za ka ga zobe cikin zobe kamar an yanka albasa: fari a waje, sai ƙila mastik, wato abin da ake cike lotsawa da shi, sai abin da ke ƙasa, har ka isa shimfiɗar farko da ƙarfe. Launin da ya kwanta a kan shimfiɗar farko shi ne na asali.

A nan maganar Inna take shigowa. Idan ja ne a can ƙasa, ta yi gaskiya, sai ka je ka faɗa mata. Idan kuwa ka sami ja a tsakiya, da wani launi a ƙarƙashinsa, ita ma ba ta yi kuskure ba. Wani ne ya sauya ta a Turai kafin ta hau jirgin ruwa. Wannan yana yawan faruwa, saboda mutane sun ɗauka motar gudu dole ja ce. Ja launin tseren Italiya ne. Ingila kore, Faransa shuɗi, Jamus kuwa fari ne, daga 1934 ta koma ruwan azurfa. In haka ta kasance, zaɓi ya rage naku. Masu sayen tsofaffin motoci sun fi daraja wadda launinta ya yi daidai da katinta. Amma in ba sayarwa za ku yi ba, kuma jan da Inna ta sani shi ne motar Baba a idonta, ni ba zan ce kun yi laifi ba in kun bi shi. Ku dai ɗauki ja daga jerin na Marsandi na shekarun, kada ku ɗauki wanda ya burge ku a jikin sabuwar mota.

Baƙin da Yaya yake so, a ba shi haƙuri. Baƙi ba ya rufa wa toliye asiri, kowace lotsawa sai ta fito. Ga ranar Marwa a watan Afrilu, zafi ya haura 40, ga ƙurar hunturu da za ta sa a wanke ta da safe ta koma ruwan ƙasa kafin azahar. Akwai kuma lissafin da bai yi ba: ɗakin inji da bakin ƙofofi da cikin but wataƙila har yanzu asalin launin ne a jikinsu. Komawa asali zai haɗu da su. Baƙi kuwa sai an sauke injin da kuka sha wahalar tayarwa, in ba haka ba duk wanda ya ɗaga kafo ya ga mota kala biyu.

To, ka sami lamba. Kada ka miƙa ta ga mai haɗa fenti ka juya. Sinadaran launi na yau ba su ne na 1978 ba. Ja da rawaya na da sukan ƙunshi dalma, yanzu an bar ta, don haka lamba ɗaya kan ba da launin da ya ɗan karkace. Na taɓa ƙonewa da wannan a nan Garwa. Na haɗa ja bisa lamba, na gwada da dare a ƙarƙashin dogon ƙwan lantarki, na ce ya zauna. Da gari ya waye muka turo motar waje, sai ga ƙofa kamar tumatir, sauran jiki kamar zoɓo. Da kuɗina na sake.

Ka sa a fesa gwaji a kan gutsattsarin kwano uku ko huɗu, da fistolen, wato bindigar fesa fenti, da za a yi aikin da shi, a kan shimfiɗa irin wadda za a yi wa motar, domin ja yana ɗaukar hasken abin da ke ƙarƙashinsa. Bari su bushe sarai. Goge ɓoyayyen wurin nan da foli, wato man goge fenti, har ya yi sheƙi, ka kara su da shi a rana da hantsi, ka sake dubawa a inuwa. Launin da ba na azurfa-azurfa ba a lokacin ba a yi masa rufin barni, wato ruwan sheƙi marar launi da ake fesawa a kan fenti, sheƙin a cikin fentin yake, kuma fenti marar barni shi ya fi kama da na da. Amma ja yana saurin koɗewa a ranarmu, don haka in za ta riƙa yini a waje, sa barni.

Lokacin fesawa, ni na fi son ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta sauko ba. Da sassafe, a yayyafa wa daɓe ruwa, a yi amfani da diluwan, wato ruwan tsinka fenti, mai jinkirin bushewa. Yaran gareji su sa takunkumi na gaske mai matata, wajen goge tsohon fenti da wajen fesa sabo. Ƙyalle a hanci ba ya tare komai. In an gama, ajiye lita guda tare da takardar haɗin. Fentin ƙarƙashin kafet kuma a ce wa mai fenti kada ya taɓa shi.