Ƙanina kurma ne, an sa shi ya dangwala hannu a bayanin da bai sani ba

Tambaya: Barista don Allah a taimaka, ƙanina kurma ne tun haihuwa, an kama shi kan zargin sata, a caji ofis suka rubuta bayani suka sa ya dangwala yatsa ba tare da mai fassara ba, kuma sati mai zuwa za a kai shi kotu. Ya za mu yi?

Amsa: 'Yar'uwa Allah ya kawo sauƙi, gaskiya abin ya taɓa ni. Takardar nan ba maganarsa ba ce tunda bai san me ke ciki ba, don haka ki samo lauya tun kafin ranar, in ba hali ki nemi ofishin lauyoyin taimako na kyauta, ki faɗa masa yadda aka yi, shi zai tashi ya ƙalubalance ta duk ranar da aka kawo ta a matsayin hujja.

Kuma fa ba alfarma kuke roƙo ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 2006, wadda ƙasashe sama da 180 suka amince da ita, sashe na 13 ya ce dole a sauƙaƙa musu hanyar shari'a tun daga matakin bincike, wato tun hannun 'yan sanda kenan, sannan yarjejeniyar haƙƙin farar hula da siyasa ta 1966 sashe na 14 ta ba wanda ake tuhuma tafinta kyauta in bai jin yaren kotu.

Amma ga inda ake yawan tuntuɓe, yaren kurame ba ɗaya ba ne, in ƙaninki bai yi makarantar kurame ba to alamun da kuka saba a gida yake yi, tafintan kotu zai iya ta juya hannu shi kuma yana ta gyaɗa kai alhali bai gane komai ba, sai a rubuta ya amsa laifi. Lauya ya nemi a gwada su tukuna kafin a karanta tuhuma, in ba su fahimci juna ba a ƙaro wani kurma da ya iya duka biyun. Ke kar ki zama tafinta, ɗaya ɓangaren za su ce kin ƙara gishiri.

Kuma in an shigo da shi da ankwa a nemi alƙali ya sa a cire, hannun nan shi ne bakinsa.