Zarto Yana Ta Tsinke Mini, Laifin Wa Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam Kafinta. Ni malamin firamare ne a Zariya. Yayana ya aiko mini da ƙaramin injin yanka zane a katako, irin mai siririn zarto da ke hawa da sauka. Ina son in riƙa yanka sunayen yara da dagin Arewa don ado. Amma cikin mako biyu zarto tara ya tsinke, kuma gefen madacin da nake yankawa yana ƙonewa ya yi baƙi. Jabu aka sayo mini ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa sana'a albarka. Da wuya ya zama jabu ne. Abin da na fi zargi shi ne kana sa zarto mai laushi ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa.

Duba jikin kwalin zarton, za ka ga lamba, daga 2/0 har zuwa 12. Ƙaramar lamba siririn zarto ne mai ƙananan haƙora, babba kuwa mai kauri. Idan katakonka bai wuce kwatan inci ba, lamba 2 ko 3 ta ishe ka. Daga rabin inci zuwa uku bisa huɗu, ɗauki lamba 5, ita ce nake ɗaurawa kusan kullum. Madaci mai kaurin inci guda sai 7 ko 9. Ina kyautata zaton lamba 2 kake turawa cikin madaci mai kauri, garin katako ya cushe tsakanin haƙora, ƙarfe ya ɗau zafi, katako ya ƙone, zarto ya ce ga garinku. Nemi irin wanda ake tsallake haƙori ɗaya a jerinsa, wannan giɓin ne ke fitar da gari. Akwai kuma mai 'yan haƙoran ƙasa da suka juya sama, shi ke hana bayan filawud tsagewa, ya rage maka wahalar samfefa. Kamfanonin Olson, Pégas da Flying Dutchman duk suna yin su, tsawonsu inci 5.

Tunda rubutu za ka yanka, sayi zarto marar ƙusa a baki, wato wanda ba shi da 'yar ƙusar maƙalawa a ƙarshensa, muddin injinka yana karɓa. Mai ƙusa ba ya shiga ƙaramin rami, ga shi cikin harafi kamar "a" sai ka huda ka zura zarto kafin ka yanke.

Sai ɗaurin. Haƙora su kalli ƙasa, su fuskance ka. Ka ja shi ya yi tauri, ka taɓa da farce. Idan ya yi ƙara siririya kamar tsirkiyar gurmi, ya ɗauru. Idan ya yi "dum", sako-sako ne, zai lanƙwashe ya karye. Kuma don Allah kar ka tura katako da ƙarfi. Wani yarona a shago ya taɓa karya shida a wuni ɗaya. Da na tsaya a bayansa sai na ga yatsunsa har sun yi fari saboda dannawa, yana tura katakon ta gefe a kowace kwana. Na ɗora hannuna a kan nasa muka bi layi a hankali, zarto ɗaya ya kai shi la'asar.

Batun katako, ajiye madacin nan tukuna. Fara da obeche ko malaina, ko filawud mai kyau wanda ba rami a tsakiyarsa. Duba gefensa kafin ka biya. Loko yana cinye haƙora da wuri, ƙurarsa kuma tana damun ƙirji, haka ma ta MDF, wato allon da ake yi da matsattsen garin katako, don haka ka sa takunkumi. Kar ka karɓi ɗanyen katako ko da an rage maka kuɗi, hunturu na shigowa zai tsage maka sunan da ka ɓata kwana biyu a kai. In ka koma kan madaci, manna farin selotef a saman zanen, yana rage ƙunar sosai.

Ka rubuto mini kaurin katakon da lambar da ke jikin kwalinka, in faɗa maka daidai wanda za ka saya.