Da gaske rokar Jamus ce ta kai Amurka duniyar wata?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko rokar V-2 ta Hitila ce asalin tafiya duniyar wata. E, akwai gaskiya a ciki.

Wernher von Braun da injiniyoyinsa ne suka ƙera ta a Peenemünde da ke Jamus, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi nasarar harba ta ranar 3 ga Oktoba, 1942. Barasa da ruwan iskar oksijin take sha, kuma ta fi sauti gudu, don haka sai ta faɗo ake jin zuwanta. Daga Satumban 1944 an harba fiye da 3,000, akasari kan Landan da birnin Antwerp na Beljiyam.

Abin da ke sosa min rai, fursunonin sansanin Mittelbau-Dora ne aka tilasta wa haɗa ta a ramukan ƙarƙashin dutse, cikin yunwa da duka. Waɗanda suka mutu wajen ƙera ta sun fi waɗanda ta kashe yawa.

Yaƙi na ƙarewa Amurka ta kwashe von Braun da mutanensa. Shi ya jagoranci ƙera rokar Saturn V da ta kai 'yan sama jannati duniyar wata a 1969. Tarayyar Soviet ma ta kwaikwayi V-2, ta sa mata suna R-1.