Iyo da bututun numfashi a Tafkin Malawi: me ake gani?

Tambaya: Aiki zai kai ni Lilongwe, babban birnin ƙasar Malawi, na wata uku. Abokan aiki sun ce za mu je Tafkin Malawi mu yi iyon nan da ake sa gilashi a fuska da bututu a baki ana kallon kifi. Na iya ruwa tun ina yaro a kogin garinmu. Da gaske ana ganin wani abu a ruwan tafki, ko sai teku? Ina kuma son kallon tsuntsaye.

Amsa: Malam, ka cire kogin garinku daga ranka. Ruwan Malawi garau yake, kana kwance a samansa kana ganin duwatsun ƙasa. Ka nufi Cape Maclear a kudancin tafkin, cikin gandun da aka keɓe a 1980, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a jerin wuraren gadon duniya a 1984 saboda kifayensa. Daga ƙauyen Chembe masu kwalekwale za su kai ka tsibirin Thumbi.

Kifayen da za ka gani 'yan uwan karfasa ne, sai dai ƙanana, yawancinsu ba su kai tafin hannu ba. Mutanen wurin na ce musu mbuna. Akwai shuɗi mai ratsin baƙi, akwai ruwan ɗorawa, nau'i ɗaruruwa, kusan dukkansu babu su a ko'ina sai wannan tafki. A jikin duwatsu suke zama suna kankare gansakuka, don haka ba sai ka shiga zurfi ba, mita ɗaya zuwa uku ya isa.

Kuskuren baƙo shi ne facal-facal da ƙafa yana bin kifi. Ka kwanta lamo kamar gungume, ka zaɓi dutse ɗaya ka zuba masa ido. Ba za a jima ba za ka gane kowane namiji da 'yar gonarsa, duk wanda ya matso sai ya fatattake shi. In ka ga mace haɓarta a kumbure, ba ta kula abinci, ƙwai ne a bakinta. Kusan mako uku take riƙe da su har su ƙyanƙyashe. Ni dai wannan ya fi burge ni a kan launin da ake ta yayatawa.

Tsuntsaye kuwa sai ka ɗago kai. Abin mamaki, ba su cika tsoron mutumin da ke cikin ruwa kamar wanda ke tsaye a gaɓa ba. Za ka ji gaggafar nan mai farin kai da ƙirji kafin ka gan ta, tana jefa kai baya tana kuka. Masu kwalekwale kan yi mata fito su jefa kifi ta suro. Ga zalɓe, ga kuma baƙin tsuntsun nan mai nutso da ke shanya fukafukai a kan dutse. In ka yi sa'a zai wuce ta ƙarƙashinka yana bin kifi.

Ka tafi da sassafe, kafin iska ta tashi. Daga Yuni zuwa Agusta iskar da suke kira mwera na tada igiyar ruwa. Ruwan daɗi ba ya ɗaga mutum kamar na gishiri, saboda haka rigar hana nutsewa ba abin kunya ba ce. Kada ka shiga bakin kogi ko cikin ciyayi, can ne kada da dorina.

Sai tsargiya, wadda ka sani tun gida. Tana nan a Cape Maclear, musamman gaɓar ƙauye inda ake wanka da wanki, don katantanwar da ke ɗauke da ita ta fi yawa a nan. Shan magani washegari ba ya aiki, tsutsar ba ta girma ba. Ka bari a yi mako shida zuwa takwas, ka ga likita, ka faɗa masa inda ka yi iyo. Praziquantel ake bayarwa, gwargwadon nauyin jikinka.