Ina Zan Koyi Sulu Da Lemar Iska A Teku?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Alƙahira. Na ga bidiyon mutane tsaye a kan ɗan katako, lema tana jan su a kan teku har suna tashi sama. Abin ya shiga raina. Ina ya kamata in fara, kuma ina gwanaye ke zuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, ka iya iyo? Idan ba ka iya ba, ajiye maganar lema tukuna, ka nemi wurin koyon iyo.

Idan ka iya, to ka yi sa'a, domin inda kake ma gidan abin ne. Ras Sudr tana gaɓar Sina'i, a bakin tekun Suez, tafiyar kusan kilomita 200 daga Alƙahira. Ruwanta kwance yake, a wurare da yawa bai wuce ƙugu ba. Abin da ɗan koyo ke bukata ke nan, saboda a kwanakin farko faɗuwa ta fi hawa yawa, kuma wanda ƙafarsa ke taɓa ƙasa zai miƙe ya sake ɗaga lemarsa ba tare da ya sha ruwan gishiri ba. El Gouna, arewa da Hurghada, ita ma haka take, sai dai ta fi cin kuɗi. Wanda Allah ya hore masa ya leƙa Paje a Zanzibar, inda iskar kudu da suke kira kusi ke kaɗawa daga Yuni zuwa Satumba, ta arewa da suke kira kaskazi kuma daga Disamba zuwa Fabrairu. A can ka sa takalmin roba, akwai halittu masu ƙaya a ƙarƙashin ruwan.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne inda iska ta dosa. Wadda ke zuwa a karkace daga teku zuwa tudu, in ka kasa za ta maido ka gaɓa. Wadda ke fitowa daga tudu kuwa cikin teku za ta yi da kai. Shi ya sa ba na tura sabon hannu Tarifa ta Sifaniya, duk sunanta. Iskar gabas da suke kira levante tana zuwa da fizga, tana tura mutum waje, ga cunkoso kamar kasuwar Kurmi ana gobe Sallah.

Idan ka fara iya komawa inda ka taso ba tare da ka tako da ƙafa ba, Dakhla ce makarantarka ta gaba, a Yammacin Sahara da ke hannun Maroko. Iska kusan duk shekara, tafki shimfiɗe ta ciki, igiyoyin ruwan tekun Atlantika ta waje.

Gwanaye kuwa Bloubergstrand suke nufa a Cape Town, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin iskar kudu maso gabas da ake kira Cape Doctor. A birnin ake gasar tsalle ta King of the Air. Masu son igiyar ruwa suna zuwa Ponta Preta a tsibirin Sal na Cape Verde, ko One Eye a Le Morne ta tsibirin Moris (Mauritius), inda ruwan ke karyewa kan murjani mai kaifi. Waɗannan ka kalle su a waya kawai, a yanzu.

Kada ka sayi lema ka ce za ka koya wa kanka. Igiyoyinta sun haura mita 20, kuma idan iska ta ja su suna yanka fata. Ka nemi malami mai shaidar IKO, wato ƙungiyar wannan wasa ta duniya, ka karɓi katin shaidarka bayan darasi, domin masu ba da hayar kaya sukan nemi ganinsa.